Haɗin Gida Ko Ta Waje: Abin Da Mai Sayen Sabuwar Mota Zai Duba Kafin Ya Biya



Mai girma shugaban taro, shugabannin wannan ƙungiya ta taimakon kai da kai ta ma'aikata, iyayenmu da suka yi ritaya amma ba su daina halartar taro ba, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da safiya. Ina godiya da wannan gayyata. Na hango dillalan motoci da manyan makanikai a kujerun baya. Ku ma ina gaishe ku, kuma ina neman afuwa tun yanzu, domin maganar yau sai ta ɗan taɓa kowa.

Sakatare ya sanar da ni cewa ƙungiya na shirin sayo wa mambobi sababbin motoci, su riƙa biya a hankali daga albashi, kuma gardama ta kaure a kwamiti: a ɗauki wadda aka haɗa a nan Nijeriya, ko wadda aka shigo da ita a haɗe daga waje? Wannan shi ne batunmu. A lura, sabuwa dal muke magana a kai, wadda kujerunta ke cikin leda. 'Yar Kwatano da Beljiyam laccarsu daban.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, don wanda barci zai ɗauke kafin in gama ya tafi da wani abu. Kafin ka tambayi inda aka haɗa mota, tambayi wanda zai tsaya maka bayan ka biya kuɗi, da kuma nisan da ke tsakaninka da shi. Duk sauran bayanina a kan wannan zai rataya.

Na ɗaya: mun taɓa yi, kuma a garin nan aka yi

Matasan da ke cikinmu suna jin maganar haɗa mota a Nijeriya kamar sabon abu. Dattawan da ke gaba sun san ba haka ba ne. A nan Kaduna, a Kakuri, kamfanin PAN ya fara fitar da motocin Peugeot a 1975. A wannan zamanin aka kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai manyan motocin Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano. Masana'antu shida, uku daga cikinsu a Arewa. Gwamnati ta mai da Peugeot motar aikinta, tun daga kwamishina har zuwa ɗan sanda. Malamin makarantar sakandare yakan karɓi rancen mota ya hau 504 sabuwa. Akwai waɗanda suka yi haka a ɗakin nan, na ga suna murmushi.

Me ya sa 504 ta karɓu haka? Ƙarfin jiki, e, da ƙafafu masu jure gargada. Amma babban sirrinta shi ne, duk inda ta tsaya maka, daga Birnin Gwari har Gashuwa, akwai bakaniken da ya san cikinta, akwai kuma shagon da ke da kayanta. A lokacin taya ana yin ta a ƙasar nan, Dunlop a Legas, Michelin a Fatakwal. Batir ma ana yi. Mota ce da ke da dangi a kowane gari.

To me ya kashe abin? A 1986 aka shigo da shirin SAP, aka karya darajar naira. Kayan da ake shigo da su daga Faransa da Jamus a haɗa suka yi tsada, albashi bai bi sahu ba, rancen mota ya mutu. Sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Kwatano. Daga baya ita kanta gwamnati ta juya wa Peugeot baya ta koma manyan motocin Japan. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008. Ajakuta kuwa, da aka ce za ta ba mu ƙarfe, tun 1979 muke jira.

Na kawo wannan tarihi ne saboda dalili ɗaya. Ba lalacewar mota ce ta durƙusar da waɗancan masana'antu ba. Canjin kuɗi ne da sauyin ra'ayin gwamnati, kuma waɗannan abubuwa biyu har gobe suna nan. Mai sayen mota a yau dole ya saka su a lissafi.

Na biyu: haɗi suna ya tara

Idan dillali ya ce maka "wannan haɗin gida ce", kada ka gyaɗa kai tukuna. Tambaye shi: wane irin haɗi?

Akwai inda ake shigo da mota a warwatse gaba ɗaya. Ƙarafan bodi daban-daban, a yi musu walda a nan, a yi fenti a nan, a ɗora inji da giya, a ja wayoyi, a saka kujeru. Wannan shi masana ke kira CKD. Akwai kuma inda bodin ke zuwa a haɗe da fentinsa, wani lokaci har da kujeru da gilasai, aikin da ya rage shi ne ɗora inji, ɗaura tayoyi, bamba da fitilu. Wannan shi ne SKD. Kamar tela biyu ne: ɗaya an kawo masa yadi ya yanka ya ɗinka, ɗayan an kawo masa riga ɗinkakkiya ya saka maɓalli. Dukkansu za su ce maka daga shagonsu rigar ta fito. Mafi yawan haɗin ƙananan motoci da ake yi a ƙasar nan yau irin na mai maɓalli ne. Ban faɗi haka don raini ba, da haka ƙasashe da dama suka fara. Amma ya kamata mai saye ya san abin da yake saye.

Su wa ke fagen yanzu? Akwai Innoson a Nnewi ta jihar Anambra, na Innocent Chukwuma, wanda aka buɗe a 2010, yana sayar da motoci da sunan kansa. Akwai Nord a Legas, shi ma da sunansa. Stallion ya fara haɗa Nissan a Legas a 2014, ya kuma haɗa Hyundai. Akwai masu haɗa motocin Sin irin su GAC. A nan kusa da mu, kan hanyar Abuja, masana'antar Dangote Peugeot ta fara aiki a 2022 da ƙirar 301. PAN na Kakuri ma bai rufe ƙofa ba, ko da yake ya sha sauyin hannu tun da gwamnati ta sayar da kasonta a 2006.

Ita ma "ta waje" suna ta tara. Mutum zai buga ƙirji ya ce motarsa 'yar Japan ce, alhali ba ta taɓa shaƙar iskar Japan ba. Ga abin da za ku yi, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ku tsaya a gaban mota ta ɓangaren direba, ku leƙa ƙasan gilashin gaba, ko ku buɗe ƙofa ku duba ɗan allon da ke manne a jikin ginshiƙi. Akwai lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Farkonta ne ke faɗin ƙasar da ta fito. In ta fara da J, Japan ce. L, ƙasar Sin. W, Jamus. VF, Faransa. Hilux da ta fara da AHT a Durban ta Afirka ta Kudu aka yi ta, wadda ta fara da MR0 kuma daga Tailan take. Sau da yawa ita ma haɗin gidan, in ka duba, za ka tarar lambar ƙasar da aka yi bodin ce a jikinta. Ashe wani lokaci gardamar da muke yi tsakanin haɗin Legas ne da haɗin Durban, ba tsakanin Nijeriya da Japan ba.

Na uku: farashi

A nan ne mutane suka fi yin mamaki. Tunda a gida aka haɗa, ai ya kamata ta fi araha nesa ba kusa ba, ko? A takarda haka ne. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci da gwamnati ta sanar a 2013, ya fara aiki a 2014, ya ɗora wa ƙaramar motar da aka shigo da ita a haɗe harajin kwastan kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin wani kashi 35, jimilla 70. Kayan CKD kuwa ba haraji, na SKD kashi 5 zuwa 10. Da wannan tazara aka jawo kamfanoni suka kafa wuraren haɗi. A farkon 2017 aka ƙara da hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu.

Sai me ya faru? Ƙudurin da zai mai da tsarin doka ya je gaban Shugaba Buhari a 2019, bai sa hannu ba. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta zaftare wancan ƙarin haraji zuwa kashi 5. Wanda ya ci bashin banki ya gina masana'anta saboda tazarar kashi 70 ya wayi gari an rage masa ita. Bayan nan ma an sake taɓa lissafin. Don haka kada kwamiti ya yi aiki da alƙaluman da na ambata, tarihi ne. A nemi na ranar da za a biya, a rubuce.

Abu na biyu, kuma shi ya fi nauyi: haɗin gida ma da dala ake sayo ta. Injin da dala, giya da dala, gilashi da dala, har tayar. Abin da ake biya da naira bai wuce ladan ma'aikata, hayar fili da man janareta ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Shin akwai wanda ya ga motar haɗin gida da ta tsaya a tsohon farashinta? Babu. Tare suka tashi.

Sannan akwai yawa. Masana'antar da ke fitar da motoci dubu ɗari a shekara tana raba kuɗin injinanta da na wutarta a kan motoci dubu ɗari. Wadda ke fitar da 'yan ɗaruruwa fa? Kowace mota sai ta ɗauki kaya mai nauyi. Shi ya sa Maroko, da Renault ya buɗe babbar masana'anta a Tanja a 2012, take iya sayar wa Turai mota, mu kuwa muna fama da kasuwar gida wadda tsofaffin motoci suka cinye.

Duk da haka, sau da yawa haɗin gida takan ɗan fi sauƙi, musamman in za a ɗauki da yawa a lokaci ɗaya kamar yadda kuke shiri. Kuna da bakin ciniki wanda mutum ɗaya ba shi da shi. Ku yi amfani da shi, amma kada ku ƙarar da shi duka a kan ragin farashi. Zan faɗi inda ya fi amfani.

Na huɗu: inganci

Wannan ba zan daɗe a kai ba, domin surutun da ake yi ya fi matsalar yawa. Motar da aka yi bodinta da injinta a babbar masana'anta a waje, aka ƙarasa ɗaurinta a Legas ko Kaduna ƙarƙashin idon masu sunan, ba ta da wani bambancin kirki da 'yar'uwarta da ta zo a haɗe. Hannun ɗan Nijeriya ba ya ɓata noti. Inda ake samun ƙorafi shi ne ƙananan abubuwa: ƙofar da ba ta zauna daidai ba, roba mai ƙara, fentin da rana ke ci da wuri. Waɗannan ido da kunne suna kama su in an yi gwajin tuƙi a hanya mai gargada, ba a kan kwaltar gaban shago ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ta wajen da ba don mu aka yi ta ba. Akwai bambanci tsakanin motar da wakilin kamfani ya shigo da ita, wadda aka tsara don zafi da ƙura da irin man da muke sha, da wadda wani ɗan kasuwa ya ɗauko daga Amurka ko Turai. Ta biyun sabuwa ce, ba ƙarya. Amma cikinta a ƙasa yake, lagiretonta na ƙasar sanyi ne, na'urorinta ba sa haƙuri da gurɓataccen mai. Ka kai ta wurin wakilin kamfani da matsala, ya duba lambar shasi ya ce ba ta hannunsu ta shigo ba, garanti bai hau kanta ba. Ka biya kuɗin sabuwa, ka samu gatan tsohuwa.

Na biyar: kayan gyara da bakanike

Ga inda nake so mu zauna sosai.

Ku ɗauka ɗayanku ya karɓi sabuwar motarsa, wata na uku yana kan hanyar Zariya, tifa ta wuce ta harbo tsakuwa, gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Ba laifin masana'anta ba ne, garanti ba ya biyan wannan. In Corolla ce, kafin la'asar an samo gilashi a Panteka, ko a aiko da shi daga Ƙofar Ruwa a Kano, har ma a tambaye shi wanne yake so, na asali ko mai sauƙi. In kuwa wata ƙira ce da ba ta fi 'yan ɗaruruwa a duk ƙasar ba, sai a fara buga waya Legas. Legas ta ce babu a sito, ana sa ran kwantena. Mota na fake a gida an lulluɓe ta da tampol, albashi kuwa ana cire kuɗinta duk wata, mai ita yana hawan Keke Napep zuwa ofis. Wannan labari yana faruwa da haɗin gida, yana kuma faruwa da ta waje. Ba ya tambayar inda aka ɗaura tayar.

A ƙa'ida nan ne haɗin gida ya kamata ta yi wa ta waje fintinƙau. Masana'anta tana ƙasarka, kayan suna sitonta, injiniyoyinta suna jin yarenka. Ga mu a Kaduna, motar da aka haɗa a bakin hanyar Abuja, in ta yi gardama, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ƙa'ida daban, aiki daban. Kamfanin da wurin sabis ɗinsa ɗaya ne tal a Legas ko Nnewi, ga mutumin da aka yi wa canjin aiki zuwa Gusau ko Damaturu, da shi da kamfanin da ke Shanghai duk tafiyar kwana ce.

Makanikanmu na baya, ku gafarce ni. Motar yanzu ba 504 ba ce da ake kasa kunne a ji ciwonta. Kwamfuta ce ke tafiyar da ita, sai an jona mata na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Bakaniken da bai samu horo a kan ƙirar ba zai yi ta canje-canje da kuɗinka, yau fulogi, gobe famfon mai, jibi ya ce a cire wata waya "ba ta da amfani". Ranar da ya yanke wayar nan, ranar garantinka ya mutu. Har juyen baƙin mai, in ba a wurin da kamfani ya amince aka yi ba, yana iya zama hujjar ƙin karɓar mota.

Saboda haka ga inda nake ba kwamiti shawarar ya kashe bakin cinikinsa. Duk kamfanin da ya zo, na gida ko na waje, a zaunar da shi a tambaye shi. Ina wurin sabis ɗinku mafi kusa? Mu je mu gani da idonmu, mu leƙa sito. Nawa ne gilashin gaba, fitila, shokozoba, faifan kuloci, takalmin burki? A rubuta. In babu kaya a ƙasa, kwana nawa? In ya wuce, za ku ba mai mota wata ya riƙa hawa? Garanti shekara nawa ko kilomita nawa, kuma me ya cire? Za ku horar da makanikai biyu ko uku daga cikin namu? Kamfanin da ya yarda ya sa hannu a kan waɗannan ya fi wanda ya rage muku dubu ɗari biyar ya yi sallama.

Na shida: ranar sayarwa

Ba mai son tuna wannan a ranar saye, amma ma'aikaci ya san mota ajiya ce. Ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso, ita ake fara kallo. Dillalai suna da kalma ɗaya: "tana da kasuwa" ko "ba ta da kasuwa". Toyota da Honda suna da kasuwa, ko'ina, ko yaushe. Sabon suna, na gida ne ko na Sin, sai an yi ta roƙo, kuma a taya shi da wulaƙanci. Dillalai ba ƙiyayya suke yi ba, mai saye na biyu ne ke tsoron abin da na bayyana a batu na biyar.

Don haka a yi lissafi biyu. Wanda ya san zai riƙe mota shekara takwas ko goma har ta tsufa a hannunsa, faɗuwar daraja ba ta dame shi sosai ba, sauƙin farashin farko riba ce gare shi. Wanda ya saba canzawa bayan shekara uku, abin da ya rage a ranar saye zai iya amayar da shi a ranar sayarwa.

Na bakwai: to, ina kishin ƙasa?

Na san wani zai tashi ya ce, Malam, duk ka bi ka auna abu da aljihu, ina batun samar wa yaranmu aiki? Tambaya ce mai kyau. Kowace mota da aka haɗa a nan albashin wani ce, kuma daga ɗaura taya ake kaiwa ga walda da fenti, daga nan a kai ga masu yin kujeru, batir da wayoyi. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ya dawo ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da wannan fanni daga 2017 zuwa 2023. Gana, da ta shigo fagen bayanmu, ta samu Volkswagen a 2020, Toyota kuma ta buɗe wurin haɗi a Tema a 2021. Abin da ya ja su can bai wuce tsarin da suka amince zai daɗe ba.

Amma wa ya kamata ya fara ɗaukar wannan nauyi? A 2017 an fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, cewa ma'aikatu su fifita kayan gida wajen saye. A 2025 an sake shelar irin wannan manufa. Ku tsaya a bakin titi ranar da ayarin wani babba zai wuce, ku ƙirga haɗin gida nawa ne a ciki. Ban ga adalci ba a ce ma'aikacin da zai shekara huɗu ana yankar albashinsa shi ne zai yi gwajin da masu kasafin biliyoyi suka ƙi yi.

Ra'ayina ga wannan ƙungiya shi ne: ku ba haɗin gida dama ta farko, domin kuna saye da yawa, kuna zaune a garin da ke da masana'anta, kuma kuna da ƙarfin da za ku sa a rubuta muku sharuɗɗa. In suka cika sharuɗɗan batu na biyar, ku ɗauka, ko da sunan bai kai Toyota ƙamshi ba. In suka fara kame-kame, ku tafi wurin wakilin kamfanin waje na haƙiƙa, ku gindaya masa sharuɗɗan nan dai. Mamban da aikinsa ke kai shi ƙauyuka masu nisa, a bar shi ya zaɓi ƙirar da bakaniken garinsu ya sani. Wanda kuma ke tunanin mai da motarsa mai amfani da iskar gas saboda tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023, ya tambaya tun yanzu ko hakan zai taɓa garantinsa. Wanda ya zo da sabuwar mota mai arahar ban mamaki ba tare da cikakkun takardun kwastan ba, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi ƙofa.

Shugaban taro yana duban agogo, kuma yana da gaskiya.  Dillalai da makanikai, na san akwai inda ba ku yarda da ni ba, ga lasifika, ku kuka fi ni sanin farashin yau. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, ya faɗi irin motar da yake hawa yanzu kafin ya yi tambayarsa, don mu san daga inda za mu kama.